Falo ya sha POP da kushin na miliyoyi, amma me ya sa ido ba ya hutawa a cikinsa?

Duk wanda ya yi gini ko aka yi jeren 'yarsa ko ƙanwarsa a 'yan shekarun nan ya san yadda lissafin yake tafiya. Kushin, gado, labule, tayil, silin POP, kalar fenti, kowanne sai an zauna a kansa, a yi ta tura hotuna a guruf ɗin WhatsApp na dangi, wannan ta ce ruwan toka waccan ta ce ruwan zuma, wani lokacin har da fushi. Amma maganar wuta, wato inda za a sa ƙwan lantarki da irin ƙwan da za a sa, babu mai zama a kanta. Mai wayarin ake bar wa, shi kuma tun gini yana bulo tsirara ba a yi filasta ba ya riga ya fasa bango ya binne fayif ɗinsa, ya fito da waya ɗaya a tsakiyar kowane ɗaki, makunni ɗaya a bakin ƙofa, ya karɓi kuɗinsa ya wuce gini na gaba. Bai san ina gado zai zauna ba, bai san ina za a sa madubi ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda ba wanda ya gaya masa, mai gidan ma a lokacin bai sani ba. Ana gobe tarewa sai a aiki yaro kasuwa a ce ya sayo ƙwai mai haske sosai katan guda.

Toh ga inda matsalar take. Ido ba ya ganin kujera, abin da yake gani shi ne hasken da ya sauka a kan kujerar ya dawo. Duk kuɗin da aka zuba a labule da fenti da kafet, a hannun ƙwan dubu ɗaya ko biyu yake, shi zai yanke hukuncin yadda za su fito. Shi ya sa za ka ga an zaɓi fenti mai ruwan madara a shago yana da kyau, a shafa a bango, dare ya yi a kunna wuta sai ya koma wani fari-fari mai sanyi kamar ba shi aka biya ba, a fara zargin mai fenti da haɗa kala ba daidai ba.

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne kalar hasken kansa, don farin haske iri-iri ne. Idan ka juya kwalin ƙwai za ka ga wata lamba da harafin K a bayanta, ma'aunin Kelbin kenan. Harshen kyandir wajen 1,900 yake. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda yake ƙona hannu idan ka taɓa, wajen 2,700. Na 3,000 yana da ɗan ruwan ɗorawa kaɗan, na 4,000 tsaka-tsaki ne, na 6,500 kuwa fari ne tas har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Yadda lambar ke hawa haka hasken ke barin ja yana komawa shuɗi. A kasuwanninmu, daga Sabon Gari a Kano har Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, wanda ya fi yawa a kan tebur shi ne na 6,500 ɗin, kuma idan ba ka buɗe baki ka ce kana son mai ɗorawa ba, shi za a miƙo maka.

Ni a ganina wannan son farin haske da muke yi yana da tarihi, ba rashin sanin ado ba ne. Jan haske a wajenmu hasken aci-balbal ne da fitilar ƙwai, da warin kananzir, da baƙin hayaƙi a jikin gilashi, da lagwani da sai an yi ta datsewa. Da lantarki ya zo ma, idan NEPA ta kawo wuta mara ƙarfi, zaren cikin ƙwan ja yake yi ka dinga ganinsa ƙuru-ƙuru ba ya haska komai. Shi kuwa dogon ƙwai fari a banki ake ganinsa, da asibiti, da gidan manyan ma'aikata. Sai ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa ja na nufin rashi, fari na nufin an samu. Har yau mutum zai shiga ɗaki mai ƙwan 3,000 ya tambaya ko wutar ce ba ta da ƙarfi, alhali yawan hasken ɗaya ne da na farin, kala ce kawai ta bambanta.

Ba wai farin ba shi da amfani ba. A kicin, a shagon tela, a wajen wanki da guga, a gareji, fari mai 4,000 zuwa 5,000 yana taimaka wa ido ya ga datti da zare da tsakuwa a cikin shinkafa. Kuma akwai masu cewa a garin da zafi ke kai digiri 40 a Afrilu, farin haske ya fi kwanta musu a rai, wannan ma magana ce da ba za a yar ba. Inda nake da ja shi ne a ɗauki ƙwai guda na 6,500 a jera shi tun daga ƙofar gida har uwar ɗaka, falo ya koma kamar gidan mai da daddare, ko'ina fayau, babu lungun da ido zai je ya huta. Kayan da muka fi so a ɗaki, katako mai ruwan ƙasa, labule mai ruwan gwal, kafet ja, da ita kanta fatarmu, duk jan da ke cikinsu ne yake ba su kyau, kuma shi ne abin da farin ƙwai mai arha ya fi tauyewa.

Wannan ya kawo mu abu na biyu wanda kusan ba mai dubawa. Ƙwai biyu za su iya zama kala ɗaya, lamba ɗaya, amma ɗaya ya nuna atamfa yadda take ɗaya ya kashe ta. Matan da ke sayayya a Kantin Kwari sun daɗe da sanin wannan ba tare da an koya musu ba, shi ya sa za ka ga Hajiya ta ce wa yaron shago ɗan miƙo min in fita da shi waje, ta tsaya a bakin ƙofa ta duba leshin a hasken rana kafin ta yi ciniki. Hasken rana yana ɗauke da duka launuka. Farin ƙwan LED kuwa asalinsa shuɗi ne, an lulluɓe shi da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, haɗuwar biyun ce ke ba ido fari. Shuɗin LED ɗin nan Japanawa uku ne suka samar da shi a farkon shekarun 1990, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kuma a kansa aka ba su kyautar Nobel ta fizis a 2014. Idan kamfani ya yi rowar sinadarin, sai ja ya yi ƙaranci a cikin hasken, tumatir ya fito fari-fari, nama ya yi duhu, jan lalle ya dushe, fuska ta yi toka-toka. Akwai ma'aunin wannan, ana rubuta shi CRI ko Ra a kwali, ƙarshensa 100. Na gama-gari suna tsakanin 70 da 80, mai kyau 90 zuwa sama. Ba sai an sa mai 90 a ko'ina ba, amma wajen madubin kwalliya da kicin da falon da aka kashe wa kuɗi, nan ne bambancin yake fitowa.

Sai yawan haske. Har yanzu da wat muke ciniki, "ba ni mai wat 20", alhali wat wutar da ƙwan ke ci yake aunawa, hasken da yake bayarwa kuma lumen ne ma'auninsa. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800, LED mai wat 8 zuwa 10 ma haka yake bayarwa, saboda shi tsohon kusan kashi 90 cikin ɗari na wutarsa a zafi take tafiya. Falo mai mita 4 da mita 5, wato murabba'in mita 20, idan don hira da kallo ne, ƙwai biyar ko shida masu lumen 800 sun ishe shi har da ragowa. Yanzu ka ɗaga kai ka ƙirga abin da ke cikin POP ɗin gidan sabon ango: ƙananan ƙwayaye ashirin ko fiye, ga shandaliya a tsakiya, ga igiyar wuta shuɗiya ko shunayya ta zagaye, kuma sau da yawa duk a kan makunni ɗaya ko biyu. Ko dai ka kunna duka ido ya yi ta ƙifta, ko ka kashe ku zauna a duhu. Babu tsakiya, alhali yawancin zaman falo da daddare tsakiyar yake so.

Wani Ba'amurke mai tsara hasken gine-gine, Richard Kelly, wanda ya yi aikin hasken dogon benen Seagram a birnin New York, tun a 1952 ya raba haske gida uku, kuma har yau masu wannan sana'a a kan rabonsa suke tafiya: akwai hasken da ke cika ɗaki baki ɗaya a ga hanya a ga juna, akwai wanda ake nufa da shi wani wuri ko wani abu na musamman, akwai kuma na ƙyalƙyali wanda shi kansa ne adon. Mu sai muka yi tsalle muka kama na ukun da hannu biyu, shandaliya da igiyoyin wuta masu canza kala, muka cika na farkon ya wuce misali, na tsakiyar kuwa, wanda shi ne mai yi wa mutum aiki, muka manta da shi gaba ɗaya.

Ka ɗauki kicin. Ƙwai yana tsakiyar sili, kanta da abin girki da wajen wanke-wanke suna jikin bango. Uwargida ta tsaya yankan albasa, ƙwan yana bayanta, inuwarta ce take faɗawa a kan wuƙar da hannunta. Kicin ɗin a ido yana da haske sosai, amma daidai inda ake buƙatarsa duhu ne, ga kabad ɗin sama ya ƙara tare na gefe. Maganin ba ƙara wat ba ne, siririn ƙwai ne a ƙarƙashin kabad ɗin sama yana haska kanta kai tsaye, wat 5 ko 6 ya wadatar. Dalilin kuwa lissafi ne, haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ake zato, idan ka ninka nisa sau biyu abin da zai iso kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Ƙaramin ƙwai a kusa ya fi babba a nesa, kuma ya fi sauƙi a kan batir.

Haka madubi. Ƙwai a saman kai yana jefa inuwa ƙarƙashin ido da hanci da haɓa, mace ta yi ta ƙara hoda tana ganin bai ji ba, sai ta fita rana ko ta isa wajen biki ta ga abin ya yi yawa. Hasken madubi daga gefe biyu ya kamata ya fito, daidai tsayin fuska, ya haska mutum ba gilashin ba. Wajen karatu ma haka, ko na yara masu aikin makaranta ko na mai tilawa bayan sallar Asuba. Ƙa'idar Turai ta wuraren aiki ta sa lus 500 a kan teburin karatu da rubutu (lus ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya), falon hira kuwa kashi ɗaya cikin uku na wannan ma ya isa. Ba za ka kai falo gaba ɗaya 500 don yaro ɗaya yana rubutu ba, fitilar tebur ake ba shi. Kuma idan akwai tsoho a gidan a tuna da shi, idon ɗan shekara 60 yana buƙatar ninki biyu zuwa uku na hasken da ɗan shekara 20 ke buƙata kafin ya karanta rubutu iri ɗaya. Baba yana cewa ɗakin nan da duhu, jikoki suna cewa a'a Baba ai da haske, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Akwai wani abu da hotunan gidajen Dubai da Turkiyya da muke kwaikwayo daga Instagram ba za su gaya maka ba: mu a ƙasa muke zama. Ko an jera kushin na miliyan nawa, idan aka kawo tuwo ledar cin abinci ake shimfiɗawa, a sauko. A ƙasa ake sallah, a ƙasa ake kitso, a ƙasa ake kishingiɗa ana hira, jariri kuwa a rigingine yake yini yana kallon sili. Ƙananan ƙwayayen cikin POP an yi su ne su harba haske ƙasa, wanda ke tsaye ko yake zaune a kujera mai tsayi ba ya ganin cikinsu sosai, amma wanda ya kwanta a kafet cikin idonsa suke. Ga tayil mai sheƙi da muke so, shi ma yana dawo da hoton kowane ƙwai, ya zama ana dukan ido ta sama da ta ƙasa. Gidan da ake zaman ƙasa ya fi dacewa da hasken da aka ɓoye tushensa, wanda zai daki sili ko bango sannan ya dawo a hankali. Abin mamaki POP ɗin da kansa yana da lungun ɓoye wuta a gefe, an yi shi ne don haka, sai dai mu mun cika shi da shuɗi da kore maimakon mu sa igiya mai 3,000 mai ƙarfi wadda ita kaɗai za ta riƙe falon da daddare. Farin sili yana mayar da wajen kashi 80 na hasken da ya same shi, bango mai duhu kuwa shanyewa yake, wani bai fi kashi 10 zuwa 20 yake mayarwa ba, don haka wanda ya zaɓi fenti ruwan toka mai duhu saboda yayi ya sani ya ƙara wa kansa kuɗin wuta.

Shuɗin nan ma yana da wata magana ta daban a ɗakin kwana. A farkon shekarun 2000 masu bincike suka tabbatar akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikin ido waɗanda aikinsu gaya wa ƙwaƙwalwa ko rana ce ko dare ne, kuma hasken da ya fi motsa su shi ne mai shuɗi. Idan suka ji shi da ƙarfi da daddare, jiki yana jinkirta fitar da melatonin, sinadarin da ke shirya mutum ya yi barci. Ba ina cewa ƙwai ne kaɗai ke hana mutane barci ba, ga waya a hannu ga zafi ga sauro ga tunanin kuɗin makaranta, amma ɗakin kwana mai farin ƙwai fayau har ƙarfe goma sha ɗaya ba ya taimakawa. Nan ne wurin ƙwan 2,700, mara ƙarfi, a gefen gado, da makunnin da hannu zai kai daga kwance. Mai shayarwa da ke tashi sau da yawa cikin dare, da mai tashi sahur ko nafila, da tsohon da ke zagayawa banɗaki, ba babban ƙwai suke so ba, ɗan ƙarami suke so can ƙasa-ƙasa da zai nuna hanya ba tare da ya tashi duk mai barci ba.

Duk wannan maganar dare ce. Ta rana ta fi ba ni haushi, don ita kyauta ce muke zubarwa. Tsakar rana a fili hasken yana iya kaiwa lus 100,000, amma ka shiga sabbin gidaje da yawa ƙarfe ɗaya na rana sai an kunna ƙwai. An yi babbar taga, sai aka sa mata baƙin gilashi, aka sa ƙarfen ɓarayi, aka sa raga, aka zuba labule mai kauri hawa biyu wanda ba a taɓa zugewa, ga katanga doguwa taku uku daga tagar. Kuma kowanne da dalilinsa, akwai sutura, akwai tsaro, akwai zafi, akwai ƙurar hunturu, ba wanda zai ce a bar taga a buɗe maƙwabta suna leƙen iyali. Sai dai yawancin zafin da ake gudu daga inda aka sa tagar yake zuwa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Zinder da Sakkwato sun ɗan fi haka, ma'ana da tsakar rana ranar kusan a tsakar ka take duk shekara, tana ɗan karkata kudu da sanyi, tana ɗan karkata arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta. Tagar da ke kallon arewa ko kudu ɗan rufi kaɗan a samanta ya isa ya tare rana ya bar haske ya shigo. Ta gabas da ta yamma kuwa rana tana shigo musu ne a kwance, babu rufin da zai tare, musamman ta yamma da ke shan ranar la'asar lokacin da bango ya riga ya ɗauki zafi. Falo mai ƙatuwar taga a yamma dole a rufe shi ruf, daga nan kuma an koma ƙwai.

Magina na da sun fi mu lura da wannan. Ka shiga Gidan Makama a Kano ko tsofaffin sorayen birnin Zariya, inda shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830, za ka ga bango mai kauri, tagogi ƙanana can sama kusa da rufi. Taga a sama tana jefa haske nesa cikin ɗaki, mai wucewa ba ya ganin na ciki, zafi kuma ta nan yake fita. Ba zan ce ɗakunan suna da haske ba, da duhunsu, amma rayuwar ba a ciki take ba, tsakar gida da rumfa su ne wajen aikin rana, daka da tsinta da kitso da saƙa duk a can ake yi, ɗaki na kwana ne da ajiya da gudun rana. Kuma jeren kwanuka da tasoshi da ake yi wa amarya har sama, da farantin da ake mannawa a tsakiyar ɗaurin guga, da farar ƙasa da ake shafe bango da ita, duk suna kama ɗan hasken fitila ɗaya su rarraba shi. Mu yanzu mun kwashe aikin tsakar gida mun kai cikin ɗaki, fili ya yi tsada an cinye tsakar gidan da gini, amma ba mu kawo hasken tare da aikin ba. Abin da za a ara a wajensu a bayyane yake: taga siririya a sama ƙari a kan ta ƙasa, gilashi mai hazo-hazo maimakon baƙi, labule mara nauyi na rana daban da mai kauri na dare, da farin fenti a katangar da ke fuskantar taga don ta turo haske ciki.

Sai babbar gaskiyar da duk wani tsari dole ya bi ta kanta, wato wutar ma tana nan? An canza wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, an sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, yau KEDCO ce ke da Kano da Katsina da Jigawa, amma "an kawo" da "an ɗauke" suna nan yadda suke. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 tayar da janareta kowane dare ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai aka koma sola da inbata. Ma'ana kowane ɗaki a gidajenmu fuska biyu gare shi, ta lokacin da akwai wuta da ta lokacin da ake kan batir, kuma ta biyun ce aka fi gani. Amma ta farkon kaɗai ake tsarawa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin mai ruwa, wat 2,400 na awa ɗaya yake ɗauka a takarda, kuma rabi ake so a ci idan ana son ya daɗe, wato 1,200. Ƙwayaye 24 masu wat 6 a POP sun ci wat 144 su kaɗai, ba a sa fanka ba, ba a sa talabijin ba, ba a zo ɗakuna ba. Shi ya sa za ka ga gida mai shandaliya an kashe komai an jingina fitilar caji a kan tebur tana haska idon baƙo. Da tun wajen wayarin an ware layi guda na sola, ƙwai ɗaya ko biyu masu kyau a kowane ɗaki a wurin da aka zaɓa da tunani, da falon zai yi kyau a wat 20 kacal. Masu layin Band A ma, wato rukunin da aka fi ba wuta, da aka kai musu kuɗin wuta naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, lissafin ya shafe su: ƙwai goma masu wat 60 awa biyar kullum yunit 90 ne a wata, LED goma masu wat 9 kuwa yunit 13 da rabi.

Raba makunni shi ne abu mafi arha da mutum zai yi, 'yan mitocin waya ne da makunni mai baki uku ko huɗu maimakon mai baki ɗaya, amma sai kafin filasta, bayan an yi fenti kuwa sai fasa bango. Na gefen POP daban, na tsakiya daban, na bango daban, shandaliya daban a bar ta sai ranar suna ko Sallah. A ƙara soket a kusurwoyin falo da gefe biyu na gado don fitilar tsaye da ta tebur. Mai son makunni mai rage haske ya tabbata an rubuta a kwalin ƙwan cewa yana karɓar ragewa, in ba haka ba rawa zai dinga yi ko ya yi ƙara ya mutu.

Mutuwar ƙwai ma abin magana ce, don a kwali za ka ga an rubuta awa 15,000 ko 25,000 amma wata uku ya ƙone. Yawancin abin da ke kasuwarmu daga Chana yake zuwa, garin Guzhen da ke lardin Guangdong kusan ba abin da ake yi sai fitilu, kuma ana yin mai kyau ana yin na banza, gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya ce a yi masa. Ba kasafai ɓangaren da ke haskawa yake fara lalacewa ba, ɗan allon da ke gindin ƙwan ne mai daidaita wuta, shi kuma zafi da hawa da saukar wuta ne ajalinsa. Ka ɗauki ƙwai ka cusa a cikin POP, samansa kwanon rufi da ya sha ranar Afrilu, babu iska, ga wutar janareta tana hawa tana sauka, ai dole. Mai ɗan nauyi a hannu wanda gindinsa ke da alminiyom ya fi jurewa. Kuma kafin ka biya, ka sa a kunna maka ka ɗora kyamarar wayarka a kai, idan ka ga layuka baƙaƙe suna gudu a allon, ƙwan yana ƙifta ne da saurin da ido ba ya kamawa, wasu mutanen yana sa musu gajiyar ido da ciwon kai.

Na waje kuma, a bakin ƙofa da baranda, a guji fari mai shuɗi, don ƙwari sun fi bin sa a kan mai ɗorawa, duk wanda ya ga yadda shinge ke rufe ƙwai bayan ruwan farko ya san zancen. A ɗan nisanta shi da ƙofar ma, ya haska ta daga gefe, ƙwarin su taru can. Na banɗaki a nemi mai murfi wanda aka rubuta IP44 ko sama saboda ruwa da tururi. Shandaliya mai ɗaruruwan duwatsu kuwa kafin a saya a fara tambayar wa zai dinga hawa tsani yana goge ta daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Wanda yake gidan haya ba shi da ikon fasa bango, amma ƙwai nasa ne. Ya canza na ɗakin kwana zuwa mai 2,700 ko 3,000, ya bar fari a kicin, ya sayi fitilar tebur guda mai hula a falo, ya manna siririyar fitila mai caji a ƙarƙashin kabad. Idan aka ɗauke wuta kuma, maimakon a ajiye fitilar caji tana kallon mutane, a juya fuskarta ta kalli farin bango ko sili daga ɗan nesa, hasken zai bazu ya cika ɗakin kuma ba ya shiga ido. A lura dai kada a haɗa kala biyu a jeri ɗaya, ƙwai ɗaya ya mutu a cikin POP a je a sayo wani daban, sai ka ga biyar masu ɗorawa ɗaya fari a tsakiyarsu. A ajiye kwali guda a durowa, ranar da za a aiki yaro kasuwa a ba shi ya tafi da shi.